Na Kori Masu Dubiya a Jalingo

Ban taɓa yin tafiya mai wahalar wannan ba. Mun tashi da asuba daga Lau, ni da ƙanena wanda tsohuwar ƙusa ta soka a gonar shinkafa. Haƙoransa sun sarƙe, ko ruwa ba ya wucewa. Ana wahalar fetur, sai bayan a-kori-kura muka samu, cikin buhunan busasshen kifi. Hanya rami kan rami. Direba ya ƙure kaset, duk hon ɗin da ya danna sai ƙanena ya sandare, bayansa ya lanƙwashe kamar baka. Na roƙe shi ya kashe, ya ce motar ubana ce?

A asibitin Jalingo likita ya ce tetanas ne. Da ya ji daga Lau nake, sai ya kwatanta mini da kogin Binuwai. Wai jijiya da jijiya ba a haɗe suke ba, akwai ɗan rata, dole a haye da saƙo. A bakin gaɓar akwai ƙananan abubuwa, furotin, su ke jera kaya, su riƙe kwalekwale, su sake shi daidai lokaci. Dafin cutar ya yanke ɗaya daga cikinsu, don haka saƙon da ke ce wa nama ya saki ba ya hayewa.

Ya ce, "Baba, ƙara kaɗan za ta iya tsayar masa da numfashi. Ɗaki mai duhu, ba hayaniya."

Na kwana biyu a bakin ƙofa ina cin rogo da ƙuli. Ran Lahadi sai ga matan cocinmu mota guda, da tulun kiɗa da kacau-kacau, tun daga get suke waƙa. Na tare su.

Babbarsu ta ce, "Addu'a za ka hana? Kai ne Allah?"

Na ce, "Mama, Allah ba kurma ba ne. Ku yi a can gindin mangwaro."

Wata ta leƙa ta taga ta ƙwala masa sannu. Na ji gadon ƙarfe ya kaɗa. Wallahi tsintsiya na ɗauka na bi su har titi.

Sai da muka kusa wata guda muka dawo, yana tafiya da ƙafarsa. Ba wanda ya yi mini sannu da zuwa, wai na wulaƙanta mutane. Abin da na koyo, ƙauna ma tana kisa in ba ta jin magana.

Washegari na shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, na aika coci cewa mai waƙa ya zo yanzu, ga shi nan da ransa.