Sunan 'yar farina

'Yar farina ce, don haka ban taɓa kiran sunanta ba. Haka muka taso muka tarar a Toranke, uwa ba ta ambatar sunan ɗan fari, kunya ce. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Ta girma, ta yi aure a Kademi, ta haifi nata, ina "ke" tana amsawa.

Sai wata damina ta daina amsawa. Mijinta ya kawo ta a babur, ya tsuguna a zaure ya ce, "Inna, na rasa gane kanta. A yi sallama, shiru. Yaro na kuka a gefenta, ita tana kallon bango." Ya ce yaran za su zauna wurin mahaifiyarsa har sai ta dawo daidai.

Na ɗauka kurumta ce. Na saki kwano a bayanta, sai da ya gama birgima sannan ta ɗan motsa kafaɗa. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Na gaji, ita ma ta gaji.

Ƙanenta ya sa mu a motar Ajingi, sai Kano. A asibiti suka ɗora mata wata hula mai wayoyi, suka sa mata wani abu a kunne yana ƙara, ƙit, ƙit, ƙit, can sai wata ƙara daban ta faɗo. Likitar, mace ce, ta nuna mini wani zane mai hawa da sauka.

Ta ce, "Mama, kunnenta lafiya lau. Ciwon damuwa ne mai tsanani. Ƙara tana shiga, ƙwaƙwalwar ce ke nauyin tashi ta tarbe ta." Ta ba da magani, ta ce a riƙa yi mata hira a hankali, a riƙa kiran sunanta.

Na ce, "Ni?"

"To wa, Mama? Ba ke kika haife ta ba?"

Ƙanen ya yi dariya. "Likita, ai Inna gara ki ce ta nome gonar gyaɗa ita kaɗai."

Muka dawo. Tana shan magani, ina ta "ke, ke". Gero ya nuna, aka girbe, yaranta suna can wurin uwar mijinta.

Wata rana da hantsi tana zaune bakin rumbu, ina ɓarar gyaɗa. Na duba, ba kowa sai kaji. Na buɗe baki, sunan ya fito da ƙyar, a dishe. Na ci gaba da ɓara. Can, sai ta juyo.

"Inna, ashe kin san shi?"

Ba ta yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Har yau wata rana ta amsa, wata rana sai kallon bango. Amma an fara kawo mata yaran ran Juma'a, kuma in ƙaramin ya yi kuka takan waiwaya. Ni dai kullum safiya sai na kira, ko da mutane a gidan. Maƙwabta sun yi surutu har sun gaji.