Injiniya Ya Zo da Wakili

A Sabon Garin Wudil, in ka ce kana neman Caleb, sai a tsaya ana kallonka. Ce Injiniya, nan take za a nuna maka gidan Malam Isyaku, inda yake haya shi da matarsa Jummai tun 'yarsu Grace tana goye. Mutumin Kaltungo ne, aikin jami'a ya kawo shi, shi ke gyaran na'urorin ɗakin gwaje-gwaje. To amma hannu Allah ya ba shi, ba ya ganin abu a lalace ya wuce. Manoman Indabo da Darki sun san hanyar gidan sarai, duk wanda injin ban ruwansa ya ƙi tashi sai ya ɗauro shi a bayan babur.

Aibinsa ɗaya, in aibi ne: kawaici ya yi masa yawa. Zaman Wudil ya kama shi har ya fi 'yan gari. Ka ce masa, "Injiniya, ka iya aiki," sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai injin ne ya ga damar tashi."

Shekara da shekaru yana neman aiki a waje, shiru kake ji wai malam ya ci shirwa. Sai bana wani kamfanin gyaran kayan asibiti a Turai ya amsa. Suka ce za su ɗauki nauyin bizarsa ta aiki, amma sai sun gamsu cewa ya iya abin da suka rasa mai yi a can. Ga Grace ta kafe sai karatun likita, shi kuma furfura ta fara leƙowa. Ya san in wannan ta wuce shi, ba wata.

Aka yi ganawar farko ta bidiyo. Wata Baturiya ta fito a allon kwamfuta, Caleb ya gaishe ta, ya gaida gida da yara da sanyi da gajiya. Da ta samu ta tsoma baki, ta tambaye shi abin da ya fi abokan aikinsa iyawa. Ya ce, "Wane ni! Muna dai taɓawa, manyanmu ne suka iya." Jummai da ke laɓe a bakin ƙofa ta dafe kai. Allah ya sa matar mai haƙuri ce, ta ce za a sake zama, amma shi ne na ƙarshe.

Jummai ta tasa shi gaba. "Baban Grace, gwada mu ji, ce, 'Ni na gyara.'"

"Mu muka gyara."

"Kai da wa? Da aljanu?"

"Jummai, yabon kai jahilci ne."

"To zauna da iliminka, bizar ta wuce!"

Abin ya dame shi ƙwarai, har tuwo ya daina shiga. Can dabara ta zo masa. A ƙasar nan wa ya taɓa zuwa neman aure ko aron gona ya yabi kansa? Manya ake sawa a gaba. Ya je ya durƙusa wa maigidan nasa. Malam Isyaku kuwa tsohon dillalin shanu ne a karar Wudil. Ya gyara zama ya ce, "Ni da na tsufa ina yabon shanu, yabon mutum zai gagare ni?"

Ran ganawa sai ga tsoho cikin babbar riga, har da turare, wai don kwamfuta. Jummai ta buɗe baki ta kasa rufewa. Baturiya ta ga mutum biyu a allo, ta tambayi ba'asi. Caleb ya ce wannan babansa ne na Wudil, kuma a nan mutum ba ya faɗin alherin kansa. Ta yi dariya ta ce ba haka ƙa'ida take ba, amma tsohon ya ɗan ce wani abu.

Ashe akwai abin da Injiniya bai lissafa ba: Malam Isyaku ko "zo" bai sani ba da Turanci. Wa zai fassara? Shi ɗin dai.

Tsoho ya saki baki. Ya kawo labarin injin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti da aka jefar a sito, Caleb ya tashe shi. Ya kawo na injinan ban ruwa. Caleb ya juya ya faɗi kalma biyu ya yi shiru.

"A'a, ɗana, kada ka rage mini mudu," in ji Malam Isyaku. "Na yi magana mai tsawo. Mayar mata da ita yadda take."

Haka bawan Allah ya zauna yana gumi, yana zuba yabon kansa da bakinsa, tsoho na auna tsawon kowace magana. Da matar ta tambayi yadda aka yi injin jinin ya tashi, sai harshe ya kwance, tunda yanzu zancen inji ake, ba nasa ba. Ta yi ta gyaɗa kai. A ƙarshe ta ce za su fara shirya masa takardu, amma ya sani bizar ta 'yan shekaru ce, kuma shi kaɗai zai fara zuwa, iyali sai daga baya.

Caleb ya fassara. Fara'ar tsoho ta ɗauke. Daɗin ciniki ya ɗebe shi, sai yanzu ya tuna cewa in ciniki ya faɗa, tafiya ake da kaya. Ya matso da fuskarsa dab da allon, muryarsa ta yi ƙasa.

"Faɗa mata aronka muka ba su. Kuma yaron nan ba ya faɗin ciwonsa. In sun ga ya yi shiru a can, su tambaye shi ko ya ci abinci. In ya ce ya ci, su sake tambaya."

Baturiya ta ce me tsohon ya ce. Caleb ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya iya cewa, "Ya ce ya gode."

Malam Isyaku ya ji gajartar maganar sarai. Wannan karon bai ce a ƙara ba, ya ja hannun riga ya share ido.