Gwaggo Mai Juya Takalma

Kafin masu shaguna su buɗe ƙofofinsu, Gwaggo ta riga ta isa bakin kurmin da ke bayan unguwarmu, tsintsiya a hammata, tsohon bokiti a hannu. Takan fara da hanyar shiga, ta share ta har zuwa idon ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani dutse. Ganyen da ta share ba ta ƙona shi, gindin itatuwa take mayar da shi, wai abincinsu ne. Sannan ta tsince ledojin da iska ta kwaso daga bolarmu, ta dawo bakin ƙofa ta zauna a kan kututturenta. Daga nan sai aikin da aka fi saninta da shi. Duk mai shiga sai ya cire takalmi, kuma da ya ba da baya sai ta sunkuya ta juya takalman su fuskanci hanyar gida, don in ya fito ya zura ƙafa kawai ya wuce.

Tun iyayenmu mata suna 'yan mata take wannan aiki, ba kuma wanda ya sa ta. Tana cikin 'yan tsirarun da suka rage a kan addinin kakanninsu, kuma a wurinsu kurmin nan wuri ne mai tsarki. Idan ruwan farko ya sauka, da kuma idan an gama kai amfanin gona gida, sukan taru a bakin idon ruwan su zauna shiru, su zuba wa dutsen ruwa, su yi godiya yadda suka gada. Tsakanin zaman farko da na biyu ba a sare ko reshe ɗaya.

Ni Musulmi ne, ba na yin abin da suke yi, ba kuma zan yi ba. Amma maƙwabci yana da haƙƙi, mai aikin alheri ma haka, kuma mun daɗe muna danne wa matar nan duka biyun. Duk ranar da famfo ya ɗauke, layin jarkokinmu daga ƙofar kurmin nan yake farawa. Mu sha, mu yi wanki, mu yi wa jarirai wanka, sannan mu koma gida mu hana 'ya'yanmu gaishe ta. Wane irin hali ne wannan? Inuwa muna so, mai kula da itacen ne ba ma so.

Wata malamar asibiti da ke zuwa hutawa a can ta taɓa tambayarta dalilin cire takalmin. Gwaggo ta ce, "'Yata, mutum in ya cire takalmi saurinsa kan ragu, muryarsa ma haka. Ban taɓa ganin wanda ya yi dambe a ciki ba. Ƙaya ba ta bari." Da aka tambaye ta dalilin juya su kuwa, cewa ta yi, "Wanda ya shigo baƙona ne. Baƙo kuma ba a barinsa ya fita yana lalube."

A bara ne wani mai kwangila ya samu izinin share kurmin don ya gina tashar manyan motoci. Aka sa ranar da katafila za ta zo. Me masu ruwa da tsakin unguwa suka yi? Abin da suka saba. Suka kira taro, suka jera kujeru, kowa ya tashi ya nuna ya iya magana, aka rufe da "Allah ya kyauta", aka watse. Wasu ma a ɓoye murna suke yi, wai dama wurin ya isa a raba mu da shi. Ba su tambayi kansu inda za su kai jarka ba ranar da aka zuba wa idon ruwan kankare.

Gwaggo ba ta je taron ba, don ba a gayyace ta ba. Sai ta ɗauki sandarta ta bi gida gida. Telan da ke kusa da masallaci yana nan lokacin da ta tsaya a ƙofar liman, shi ya ba ni labarin yadda suka yi.

Liman ya ce, "Gwaggo, kin san dai ni ba zan zuba wa dutse ruwa ba."

Ta ce, "Malam, wa ya ce ka zuba? Ruwan ma ba ya isarmu. In famfo ya ɗauke, daga ina ake cika maka buta?"

Ya ce, "Daga wurinki."

"To ka zo ka yi gadin butarka. Ka cire takalmi, ka zauna a inuwa, ka ja carbinka. Ni in yi nawa, kai ka yi naka."

Tela ya ce liman ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Abin da ta roƙi kowa ke nan, ba ƙari: ka zo, ka cire takalmi, ka zauna.

Sai Allah ya sa ana gobe katafila za ta zo ruwan farko ya sauka. Da safe tsofaffin nan 'yan tsiraru suka shiga zamansu a bakin idon ruwa. Bayansu kuma unguwa ta fara kwararowa. Liman ya zo, fasto ya zo, masu gyaran babur, malaman makaranta, mata da goyo, har da waɗanda suka yi shekaru ba su amsa gaisuwar Gwaggo ba. Kowa ya nemi gindin itace ya zauna, ba wanda ya matsa wa masu ibada, su ma ba su matsa wa kowa ba. Ita kuwa tana bakin ƙofa tana sunkuyawa tana miƙewa. Takalma suka cika ƙofar, suka malala kan hanya, sahu bayan sahu: silifas, sau ciki, takalman roba na leburori, 'yan ƙanana na yara. Duk ta juya su, duk suna kallon hanyar da katafila za ta ɓullo.

Da direban ya iso sai ya taka birki, ya daɗe yana kallo, ya kashe inji. Mai kwangila ya fito daga motarsa yana yi masa tsawa wai ya wuce. Direban ya leƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, itace aka ce in ture. Ba a ce in taka takalman jama'a ba. Waɗancan ma da gani na liman ne, ina zan kai alhakinsu?"

Mai kwangila ya nufi ƙofa a fusace, zai shiga ya ga wanda ya haɗa wannan abu. Gwaggo ba ta tare shi ba. Gaishe shi ta yi, ta ce, "Sannu da zuwa, ɗana. Takalmi." Ya dubi na ƙafarsa masu sheƙi, ya dubi tulin da ke gabansa, ya cire. Ƙasa a jiƙe take, ga tsakuwa, ga ƙaya. Waɗanda ke ciki sun ce da gudu-gudu ya shiga, kafin ya kai idon ruwa ya koma taku ɗai-ɗai. Ya tarar da unguwa guda zaune shiru, ba wanda zai yi wa faɗa. Ya ɗan tsaya, ya juyo. Da ya fito sai ya iske takalmansa a goge, an juya su suna kallon motarsa.

Ya ce, "Iya, korata kike yi?"

Ta ce, "Haka nake yi wa kowa. Ka gaida gida."

Ba zan ce takalma kaɗai suka ceci kurmin ba. Hotonsu ya yawata a wayoyi, hukuma ta ga yawan ƙafafun da ke bayan wurin, aka sake zama, aka mayar da tashar wani fili da ba kowa a kai. Amma wa ya tara ƙafafun? Ba masu jera kujeru ba ne.

Gwaggo, ke ce kika yi. Ke ce kika riƙe wuri ɗaya da tsabta a garin da kowa ke jiran wani ya share. Ke ce kika shayar da masu zaginki ba ki taɓa yi musu gori ba. Ba ki ce kowa ya bar addininsa ba, ba ki kuma bar naki don a so ki ba. Icce mai inuwa, kin yi wa wanda ya jefe ki rumfa.

Bana gwiwoyinta sun ƙi, sunkuyawa ta gagara, ta miƙa tsintsiya ga matar ɗan ƙanenta. Mun gode, Gwaggo, godiyar da ta makara amma ta iso. Ku kuma 'yan'uwana matasa, masu dogon sharhi a waya, kowace unguwa tana da abin da ke lalacewa a idon kowa: rijiya, kwata, makaranta, itace. Ku zaɓi ɗaya ku riƙe kamar yadda ta riƙe nata. Kafin nan, tana nan da ranta a kan kututturenta kowace safiya. Ku je ku gaishe ta. In ta cire takalmi za ta shiga, wani cikinku ya sunkuya ya juya mata su.