Shayin Sallau a Shekarar da Babu Madara

Sallau mai kanti na unguwar Kumbiya-Kumbiya a Gombe halinsa biyu ne: ba ya shan shayi shi kaɗai, kuma bakinsa ba ya riƙe magana. Su suka kusa cinye masa kanti a zamanin soja, lokacin da kuɗin mai suka cika gari, kaya suka yi tsada, gwamnati ta ƙayyade farashin madara da sukari. Wanda aka kama ya ɓoye kaya, a kwashe, a garƙame kantin. Sallau kuwa katan-katan na madarar gwangwani ya jibge a ƙarƙashin gadon matarsa Delu.

Sai ga Matiyu, ɗalibin jami'a ɗan Tangale, wai yana rubutu a kan yadda 'yan kasuwa ke zama da dokar farashi. Sallau ya ga biro uku a aljihunsa, a saninsa kuwa mai biro uku gwamnati ne.

"Madara? Rabona da ganinta tun Sallar bara, samari," in ji shi.

Amma baƙo baƙo ne. Sallau ya leƙa cikin gida ya ce a kawo shayi. Delu kuwa ba a gidanta za a ba baƙo baƙin shayi ba. Shayin ya fito fari sol, da kauri kamar kunu. Kwana tara ana haka, Sallau na rantsuwa babu madara a Gombe, Matiyu na rubutawa yana lashe baki.

Ran na goma Matiyu ya ajiye kofi ya ce, "Baba, shayin nan da me ake haɗa shi?"

Sallau ya dubi kofin, ya fashe da dariya har da hawaye. Daga nan bakin ya ɓalle: gadon Delu, cinikin bayan gida, komai ya zayyana. Sai da baƙon ya hau motar Zariya sannan Sallau ya tuna da biron nan uku. Shekara biyu in motar soja ta gifta sai ya kama salati.

Da Matiyu ya dawo da littafin da ya rubuta, ya karanta masa wurin: "Wani ɗan kasuwa a Gombe ya shaida mini…" Ya ce ya ɓoye sunan ne don kada a taɓa shi.

Sallau ya yi ajiyar zuciya, sannan ya ɓata rai. Har ya tsufa bai huce ba.

"Wani?" yakan ce. "Gwangwani goma ya sha mini, amma ni ne wani."