Yadda Aka Zargi Yayana da Satar Datti

Yayana mai wanki ne, wanki da guga. Shekara talatin da ɗoriya hannunsa na cikin kumfa, har yatsunsa sun yi fari sun yamutse. Ni ce ƙanwarsa, mu biyu muka rage a ɗakinmu, kuma tun da mijina ya rasu nake zaune a ɗakin da ke bayan shagonsa, ina sayar da sabulu da bula ta taga. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. A gabana aka yi shi, wani ma da hannuna a ciki, Allah ya yafe mini.

Yaya ba shi da gona, ba shi da babur, ko agogo bai taɓa ɗaurawa ba. Abu ɗaya ya mallaka a duniya, shi ne shaidar da mutane suke yi masa. Kowa ya san in ka manta abu a aljihu ka kai masa wanki, to ka kwanta ka yi barcinka. Ya taɓa takawa har ƙarshen gari da rana tsaka don ya mayar wa wani tela maɓalli guda ɗaya. Telan ya ce, "Haba malam, ai ina da su cike da gwangwani." Yaya ya ce gwangwanin ba ruwansa da shi, wannan dai ba nasa ba ne. Da ya dawo na ce, "Yaya, takalmin da ka cinye a hanya ya fi maɓallin tsada." Ya ce in je in ji da sabuluna.

Ana nan sai aka ga zinare a bayan gari. Wayyo garinmu! Malamin makaranta ya ajiye alli ya ɗauki diga. Mai aski ya bar wani bawan Allah da rabin kai a kan kujera ya bi motar masu haƙa, har yau mutumin bai huce ba. Gonaki suka koma ramuka, rafin da ake wanki ya yi jawur, ko jaki ka kai sai ya kawar da kai. Baƙi suka cika ko'ina, ba ka san sunan mutum ba balle garinsu. Maƙwabciyarmu ta sayar da awakinta, ta share garken, ta ba mutum huɗu haya, kuma kullum da safe sai sun durƙusa sun gaishe ta. Ƙwai guda kuwa sai ka yi shawara da zuciyarka kafin ka taya.

Yaya bai je rami ba. Ya ce shi duk abin da za a shiga da fitila da rana tsaka ba ya cikinsa. Amma ramin ya zo masa har shago, don masu haƙa ba su da lokacin wanki. Wando za a kawo masa ya sha laka ya bushe, in ka ajiye shi sai ya tsaya da ƙafarsa kamar mai shi na ciki. Ruwa yanzu saye yake yi a wajen masu kurar ruwa. Ya wanke ya shanya, babbar mota ta wuce ta baɗe igiyar da ƙura, ya sauke ya sake wankewa, yana yi yana magana shi kaɗai.

A cikin masu kawo masa wanki akwai wani dogon mutum da ake kira Mai Fitila, saboda fitilar goshinsa ba ta sauka, ko abinci yake ci tana nan. Shi ne bakin masu haƙa, duk rigimar da ta tashi za ka ji muryarsa a sama. Wata rana yana zaune a benci yana jiran a goge masa riga, sai idonsa ya faɗa kan lakar da ta kwanta a gindin bahon wanki. Su mutanen nan cuta ce ta kama su, ba sa iya ganin laka su ƙyale ta. Ya jawo kwanon da Yaya yake ɗiban ruwa, ya kwashi lakar, ya zuba ruwa, ya shiga juyawa yana zubarwa a hankali. Can sai na ji ihu har cikin ɗakina.

"Jama'a ku zo ku gani! Ashe nan ne babban ramin!"

Na fito da gudu ko mayafi ban ɗauka ba. A gindin kwanon akwai wasu 'yan ɗigo guda uku masu ƙyalli, in ka yi atishawa sun tafi. Mai Fitila ya kunna fitilar goshinsa yana haska su, ga rana kuwa tana dukan kowa.

"Baba mai wanki," in ji shi, "wato mu mu shiga ƙasa mu kwaso a jikinmu, kai kana zaune a inuwa kana tacewa, kuma mu biya ka?"

Yaya ya ajiye dutsen guga. "Ɗana, datti ne fa. Dattin da kuka ce in fitar."

"Mun ce ka fitar, ba mu ce ka riƙe ba."

Ni da na so in yi dariya, sai na ga fuskar Yaya. Wallahi ko marinsa aka yi iyakar abin da zai yi ke nan. Ya daɗe yana kallon bahon, sannan ya ce, "Ka yi gaskiya. Daga yau kowa zai karɓi kayansa da ƙasarsa."

Na ce, "Yaya, ka haukace ne?" Bai ko kalle ni ba.

Haka kuwa aka yi. Ya sayo ƙananan bahuna, kayan kowa a nasa. In ya gama wanki sai ya bar ruwan ya kwanta, ya tsiyaye, ya kankare lakar da cokali, ya ƙulle a leda, ya maƙala a jikin rigar mai ita da fil. Aikin awa biyu ya koma na yini guda. Mutum zai zo ya karɓi rigarsa fes tana ƙamshi, da ƙullin taɓo yana lilo a wuyanta, ya tafi yana taƙama.

Kuna tsammanin an gode masa? Ina! Wannan ya ce wandonsa ya fi na abokinsa datti nesa ba kusa ba, me ya sa ƙullin abokin ya fi girma? Wancan ya zo da sikeli, ya auna wando kafin wanki, ya auna bayan wanki, ya ce akwai gibi. Yaya ya ce gibin gumi ne, shi kuma bai san yadda ake ƙulle gumi ba. Wani kuma har ruwan ɗauraya ya ce a zuba masa a jarka.

Mutanen unguwa su ma ba a bar su a baya ba. Kwatar da ruwan wankin Yaya yake bi shekara da shekaru, wadda da kowa yake toshe hanci in zai tsallake, sai ga ta ta yi masu ita. Maƙwabciyar nan mai ba da haya ta ce daga bakin ƙofarta zuwa sandar lantarki nata ne, ta kafa kujera tana gadi. Tsofaffi masu jikoki suka tattare zane suka shiga. Ni ma, tunda na ce zan faɗi gaskiya, na shiga da kwanon miyata. Kwana uku ina juya baƙin ruwa, abin da na samu murfin kwalba ne da ciwon baya, ga ƙaiƙayi har gwiwar hannu.

Da kwata ta ƙi ba da komai, sai Mai Fitila ya zo da sabon lissafi. Ya ce shekara biyu ana kawo wa tsohon nan wanki kafin a gane, in zinaren ba ya kwata, to yana ina? Sai wani ya ce ai shi ya taɓa hango akwatin ƙarfe a ƙarƙashin teburin guga, da kwaɗo har biyu.

Akwatin kam yana nan, na san shi. Mai Fitila ya zo ya tambaya, Yaya ya ce tufafi ne a ciki. Aka kwashe da dariya. Wa yake sa wa tsumma kwaɗo biyu? Aka ce ya buɗe, ya ce shi bai taɓa baje kayan mutum a gaban jama'a ba, har da na ciki, kuma ba zai fara da furfurarsa ba.

Daga ranar gari ya juya masa baya. In ya yi sallama sai a amsa ciki-ciki. Mai kurar ruwa ya ƙara masa farashi, wai ai masu hali ne. Har telan nan ya riƙa gaya wa mutane ashe dama maɓallin dabara ce, a saba da shi ne kafin babbar harka ta zo. Yaya ya daina cin abincin kirki, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na kai masa kwano na dawo da shi yadda na kai.

Abin da ya fi ci mini rai har gobe shi ne ni ma na tambaye shi. Na bari ba kowa, na matsa kusa na rage murya na ce, "Yaya, tsakanina da kai, ko ɗan kaɗan ne, ai ni 'yar'uwarka ce." Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Har ke, auta?" Ya ci gaba da gugarsa. Na koma ɗaki na yi kuka, don na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Ranar da abin ya zo ƙarshe, da hantsi ne. Mai Fitila ya taho da mai unguwa da mutum sun fi talatin, wasu har da kwanonin tacewa a hammata, wai ko za a yi rabo. Mai unguwa mutumin kirki ne, tare suka taso da Yaya, sai sunkuyar da kai yake yi. Ya ce, "Malam, ni na san ka. Amma ka buɗe musu, kowa ya huta."

Yaya ya ce, "Ka san ni, kuma ka zo?"

Yaya ya ciro makullai daga aljihu, ya jawo akwatin tsakiyar shago. Mai Fitila ya kunna fitilarsa. Maƙwabciyarmu ta ture ni don ta samu gaba.

Tufafi ne. An wanke, an goge, an ninke, ƙulli-ƙulli, kowanne an ɗaure shi da zare, ƙamshin kafur ya cika shagon. Wani daga bayan taron ya ce a duba ƙasan, ƙila a ƙasa yake. Yaya ya ce za a duba, amma shi zai fitar da hannunsa.

Ya ɗauko na farko ya ɗora a tebur. "Wannan na wani gajere ne mai wushirya. Ya ce zai zo ran Laraba, ran Talata rami ya rufta da su." Ya ɗauko na biyu. "Wannan mai yawan waƙa ne, ban san garinsu ba. Ruwa ya cika musu rami da damina." Ya ɗauko na uku, na huɗu. Bai san sunan ko ɗaya ba, amma ya san wanda ba ya son sitaci, ya san wanda ya ce a yi sauri zai je ganin mahaifiyarsa. Ya ce kwaɗo biyun saboda ɓera ne da masu dogon hannu, don in wani nasu ya zo nema wata rana, kada a ce mai wanki ya ɓatar. Duk wata yakan fitar ya sake gogewa kada ninkin ya ci su.

Na ga masu kwanoni suna zame su zuwa bayansu a hankali.

Ƙulli na goma sha ɗaya wata riga ce shuɗiya mai layi-layi, an yi mata faci a kafaɗa da baƙin zare. Mai Fitila ya matso. Ya sa hannu ya shafa facin.

"Ni na ɗinke wannan," in ji shi. "Ƙanena ne. Ni na taho da shi daga gida. Ko gawarsa ba mu samu ba."

Yaya ya ce, "Allahu akbar. Ashe naka ne. Da na sani ai da tuni na kai maka." Ya ɗauki ƙullin da hannu biyu ya miƙa masa. "Riga biyu ne da wando. Akwai hoton wata yarinya a aljihun gaba, na cire kafin in jiƙa, na mayar bayan na goge."

Mai Fitila ya rungume kayan a ƙirji, ƙaton mutum, ya durƙushe a kan simintin da ke jiƙe. Yaya ya tsaya a kansa yana murza fararen yatsun nan, da gani akwai abin da ke damunsa.

"Sai dai ka yi mini haƙuri, ɗana," ya ce. "Lokacin ban fara ajiye wa mutane ƙasarsu ba. Tasa ta bi kwata."