'Ya'yan Tsamiyar Malama Rifkatu

Abin da idona ya fara sauka a kansa ranar da aka kai ni aji biyar a Gusau, Litinin ta farko bayan ƙaramar Sallah, shi ne wani gwangwanin madara cike da 'ya'yan tsamiya a kan teburin malama. Na ƙura masa ido don kada in haɗa ido da kowa. A shekarar ne muka baro ƙauyenmu na ƙasar Tsafe saboda 'yan bindiga, muka bar gero bai isa yanka ba. Da yake babu gidan da zai ɗauke mu duka, sai aka rarraba mu: ni wajen Gwaggo a Gusau, abokiyar tagwaicina Usaina wajen Kawu a Bungudu. Tun haihuwa kwanonmu ɗaya, zanenmu iri ɗaya, tare muke zuwa rijiya, tare muke tsinkar zogale da korar tsuntsaye a gona. Kakarmu takan ce, "Ba a raba tagwaye, ko a rabon goro." Amma ranar gudu babu wanda ya tuna. Ni kuwa ko abinci aka hana ni ba na iya buɗe baki, balle in yi ƙorafi.

Malama Rifkatu, wata doguwa 'yar kudancin Kaduna mai alli a gefen zane kullum, ta zuba wa kowane benci 'ya'yan tsamiyar, ta ce mu jera su sahu-sahu daidai wa daida. Goma sha biyu suka jeru, goma sha biyar suka jeru. Goma sha ɗaya kuwa, duk yadda na juya su sai wasu sun yi saura. Ta ce irin waɗannan lambobi ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, ita "masu taurin kai" take ce musu. Sai ta nuna mana wasu da ke zuwa biyu-biyu, lamba ɗaya tak a tsakaninsu: biyar da bakwai, sha ɗaya da sha uku, sha bakwai da sha tara. Ta ce masana lissafi tagwaye suke kiransu. Gabana ya faɗi, kamar an ambaci sunana a kasuwa.

Da aka fita tara ban bi 'yan gaɗa ba, na zauna ina jera lambobin tsakiyar. Shida, sha biyu, sha takwas, talatin: kowace sai ta kwanta sahun shida-shida, ko ƙwaya ba ta saura. Tsigar jikina ta tashi, na ɗauka wani abin tagwaye ne ya biyo hannuna, irin wanda ake tsoratar da mutane da shi a ƙauye. Malama ta leƙo ta kafaɗata ta yi dariya, ta ce in ban da uku da biyar, haka suke duka, kowa ya jera. Ta ƙara da cewa in aka yi nisa da ƙirga sai su yi ta ƙaranci. Da muryar da ni kaina da ƙyar na ji, na tambaye ta ko suna ƙarewa.

"Ban sani ba, Hassana. Duk duniya babu wanda ya tabbatar."

Ban taɓa jin babba ya ce bai sani ba. Ashe manya ma akwai abin da ba su gama yankewa ba? To, ƙila rabuwarmu ma ba a gama yanke ta ba.

Yau Usaina na unguwa ɗaya da ni, tun kafin wata daminar ta sake faɗuwa Kawu ya kawo ta a kan babur da ƙunshin kayanta. Ƙauyen ne ba mu koma ba, an ce ciyawa ta cinye rijiyar. Har yanzu in na ga tsamiya a kasuwa sai in tuna yammacin ranar da Malama ta ba ni waccan amsa, Gwaggo na tankaɗe, ni ina tsaye a gabanta, 'ya'yan tsamiya biyu a damƙe a hannuna.

"Gwaggo, don Allah ki aika wa Kawu ya kawo Usaina. Kwano ɗaya ya ishe mu."