Mai Jan Ganye da Itatuwa Uku na Tsakar Asibiti

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayin, wanda aka fi sani da laƙabin Mai Jan Ganye, a shekarar 1941, a wani ƙaramin gari da ke gefen hanyar jirgin ƙasa. Mahaifinsa kafinta ne, mahaifiyarsa tela, kuma shi ne na huɗu cikin 'ya'yansu bakwai. Ya shiga firamare a 1949, inda aka shaide shi da ladabi da yawan kallon taga, har wani malami ya rubuta a takardar sakamakonsa cewa itacen bakin aji ya fi allo samun hankalinsa. A 1958 ya wuce makarantar koyon aikin gona, ya fito bayan shekara uku da shaidar kula da lambu.

Aiki

A 1962 aka ɗauke shi mai lambu a babban asibitin garin. A tsakar asibitin, tsakanin ɗakunan jinya, akwai manyan itatuwa uku masu faɗin rassa, waɗanda marasa lafiya da masu jinyarsu suke hutawa a ƙarƙashinsu. Sai dai inuwar ta hana furanni rayuwa. Duk shekara a shuka, duk shekara su miƙe siriri su faɗi, wurin ya zauna tsirara. A 1967 hukumar asibitin ta yanke shawarar sare itatuwan domin rana ta shigo. Marigayin ya roƙi a ba shi damina ɗaya tak, aka amince masa ba don an yarda da shi ba, sai don mai saran bai samu zuwa da wuri ba.

Wata guda ya kwashe yana jera tsakuwa a bakin inuwa duk bayan sa'a, domin ya san inda rana take leƙawa da inda ba ta zuwa sam, har ma'aikata suka fara raɗe-raɗin ko ya taɓu ne, a ba shi gado a ciki. Daga nan ya haƙura da furanni gaba ɗaya, ya zaɓo tsirrai waɗanda adonsu yana jikin ganye ne, masu dawowa kowace shekara, musamman wani dangin gwaza na ado. Mai jan ganye ya dasa inda ranar safe take taɓawa sa'a biyu, mai fari da jijiya kore ya kai shi can cikin duhun inuwa, ya cuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen ganyen itatuwan. Kafin damina ta raba, tsakar ta cika da launi, aka soke maganar sara, shi kuwa ya samu laƙabin da ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Aure da Iyali

A 1969 ya auri wata ma'aikaciyar ɗakin wanki ta asibitin, Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar. Mace ce mai barkwanci, takan ce a gidansu sai shuka ta sha ta ƙoshi kafin miji ya tambayi lafiyar mutane. Sun zauna lafiya shekara talatin da tara, ta rasu a 2008, kuma rashinta ya taɓa shi ƙwarai.

Ritaya da Shekarun Ƙarshe

Ya yi ritaya a 2001, lambun ya ci gaba a hannun waɗanda ya koyar. A 2012 aka canja su, aka kawo wasu ma'aikata biyu, magidanta masu himma, waɗanda ba wanda ya faɗa musu cewa wannan shuka takan zubar da ganye da rani, gindinta ya kwanta a ƙasa yana hutawa, kuma ruwa a lokacin ruɓar da shi yake yi. Da suka ga ganye yana bushewa sai suka zaci ƙishi ne, suka dinga ban ruwa safe da yamma har rani ya ƙare. Daminar 2013 ta sauka, ko tsiro ɗaya bai fito ba. Sabon shugaban asibitin ya ba da umarnin a sare itatuwan a shafe wurin da siminti.

'Yarsa ta biyu, ma'aikaciyar jinya a asibitin, ta ɓoye masa labarin mako biyu saboda ciwon zuciyarsa. Ranar da ta faɗa masa sai ya ce, "Tiyon nan da na bari, har yanzu shi ake ja?" Ta ce shi ne. Ya ce, "To, miƙo mini sandata."

Dalilin tambayar shi ne, tiyon ban ruwan gajere ne, ba ya kaiwa kusurwar da ke bayan itace na uku. Shekara da shekaru yana neman a saya masa dogo ba a saya ba, da bokiti yake kai ruwa can. Da ya isa asibitin, a wannan kusurwa da ruwan sababbin ma'aikatan bai kai ba ya durƙusa ya tona da hannunsa, ya fito da gindi goma sha bakwai masu tauri, lafiyarsu lau. Ma'aikatan biyu suka tsaya kai a sunkuye, ya ce musu, "Ku ɗago kai, 'ya'yana. Ba sakaci kuka yi ba, kulawar ce ta yi yawa. Ku kawo wuƙa da toka."

Ya yanka kowane gindi gida-gida, kowane yanki da idonsa, ya barbaɗa toka, suka dasa tare. Shugaban ya ba da wa'adin mako shida kafin a sare itatuwan. A mako na huɗu ciwonsa ya tashi, aka kwantar da shi a asibitin, a gadon da ke bakin taga, yana kallon ƙasa baƙa wadda ba ta ce komai ba. A mako na biyar, da hantsi, ganye na farko ya warware, ja wur, kwana uku bayan haka suka kai talatin. Shugaban ya zo da kansa har bakin gado ya sanar da shi an janye umarnin. Marigayin ya sauke ajiyar zuciya, ya yi hamdala, ya nemi a ba shi abinci, alhali kwana biyu ke nan yana mayar da kwano.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa da safiyar Juma'a, 9 ga Agusta, 2013, yana da shekara saba'in da biyu. Da aka fito da shi, ta tsakar asibitin aka bi, marasa lafiyar da ke zaune a inuwa suka miƙe, waɗanda ba su iya ba suka ɗaga hannu. An binne shi a maƙabartar garin kusa da matarsa.

Ya bar 'ya'ya biyar: babban ɗansa, malamin makaranta, ta biyu, ma'aikaciyar jinya, na uku, makaniki, ta huɗu, tela, sai autansa, wanda ya ajiye aikin tuƙi ya karɓi lambun. A zamanin autan ne asibitin ya sayo dogon tiyo, kuma da zarar damina ta ɗauke, yakan naɗe shi ya kulle a sito, ya tafi gida da makullin.